Ranar da Oga Ya Zauna a But

Har gobe ina tuna wata Litinin cikin damina da aka tura mu aikin rigakafi daga Kaura zuwa ƙauyukan Zurmi. Ku sababbi ba ku tarar da tsarin lokacin ba. Shugaban ayarinmu, Malam Bello, shi ne a gaba kusa da direba. Manyan mata a tsakiya. Mu ƙanana kuwa but, can bayan mota wurin kaya, ake cusa mu, mu juya wa hanya baya, ga akwatin sanyi na magani, ga jarkar fetur. Kuma saboda halin da hanya take ciki dole a dawo kafin la'asar, don haka a cikin mota yake raba aiki: wace unguwa, wane gida aka tsallake, wace uwa ta ƙi.

Abokiyar aikina Nafisa ba ta da ta biyu wajen lallashin iyaye, amma mota ba ta yi da ita. Da an fara tafiya sai gumi, sai hamma, yawu ya cika mata baki, sai amai. In an sauka, duk abin da aka faɗa a hanya ya goge daga kanta. Ranar nan tun a Kaura Malam Bello ya ce wannan ce fitarta ta ƙarshe, ba ya aiki da mai kunnen ƙashi. Ita kuwa da aikin nan take riƙe da mahaifiyarta.

Ni ba na iya haɗiye magana. Na ce, "Oga, ka taɓa zama a but?"

Ya ce, "Ke Rabi, bakinki ya fi ki girma."

Na ce, "Na ji. Ka zamna nan yau, in ka sauka da kanka daidai, ni ma ka sallame ni."

Mata suka sa dariya. Girman kai ya hana shi ƙi. Ya tattare babbar riga ya shiga, Nafisa ta koma gaba tana sunne kai.

Da farko yana ta bayani da ƙarfi. Can murya ta yi ƙasa. Can ya cire hula. Hajiya Kulu, babbarmu a mata, ta miƙa masa lemun tsami ta ce, "Shaƙa, Malam, ba kunya ba ce." Ya danne shi a hanci kamar zai haɗiye. Kafin mu kai garin Dauran direba ya tsaya masa sau biyu.

Da muka sauka ya jingina da mota, ya dube mu ya ce, "Wai mi na ce za mu fara da shi?"

Nafisa, wadda ta sha iska a gaba, ta jero masa komai tsaf. Ya maida hularsa. Ba wanda ya sake tayar da zancen sallama. Tun daga ranar ake raba aiki a tsaye kafin a shiga mota, kujerar gaba kuma ta mai amai ce, ba ta mai muƙami ba.

Abin da na koya shi ne, ciki in ya hautsine kai ba ya riƙe magana, amma jiki ba ya yafewa. Bara a wajen taron bita aka kawo zoɓo mai lemun tsami. Malam Bello na jin ƙamshin ya fara gumi, yana zaune a kan benci, ba mota ba hanya. Don haka kafin ki kira wata daƙiƙiya, tambaye ta inda aka zaunar da ita.