Hular Ɗan Takarar Baba

Ina tsaye cikin rana a ƙofar filin zaɓen fidda gwani, riƙe da allon ɗan takararmu na shugaban ƙasa, sai ga Baba cikin layin daliget. Sati biyu ba ma magana a gida, don shi wani ɗan takarar yake goya wa baya.

Na ɗauke kai. Kawai sai na ji an ɗora min hula kan ɗankwali.

Na ce, "Baba, hoton mutuminka ne fa a jiki!"

Ya ce, "To juya ta baya. Ki yi ta ihunki, amma kar rana ta kwantar min da ke."

Abokaina sun wuni suna min tsiya, wallahi ban cire ba.

Ku ma siyasa ta taɓa haɗa ku da na gida?