Kaffarar Labaran Ɗan Mai Fito

Da sunan Allah, Masanin abin da ƙiraza ke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan shi ne abin da na sani game da Labaran ɗan Dodo mai fito, wanda ya wakilce mu shekara takwas a Majalisar Dokoki ta Gusau. Ni ne limamin Tungar Labbo, a ƙasar Bukkuyum. A hannuna ya yi karatun allo, saboda haka abin da zan faɗa shaida ce.

Tsakanin tungarmu da hanyar Nasarawa Burkullu akwai gulbi. Da rani akuya ma tana ƙetare shi. Da damina kuwa, idan ya kawo, sai ya raba mu da kasuwa da asibiti kwana uku, wani lokaci mako guda. Mahaifin Labaran da gora yake fito: ya ɗora mutum ko buhu bisa ƙaton gora, shi kuma yana iyo yana turawa. A bakin wannan ruwa Labaran ya tashi, kuma ruwan ne ya tafi da mahaifinsa a shekarar da ya gama makarantar horon malamai. Ya koyar a firamare a Gummi, sannan a Anka, shekara goma sha huɗu, da keke ɗaya. Ban taɓa jin an ce ya ci haƙƙin kowa ba a wancan zamani.

Da soja suka yi shelar miƙa mulki a 1998, wata jam'iyya ta nemi ɗan ƙasa mai boko, ta samu Labaran. Mu kuwa muna da wata al'ada. Idan aka yi jayayya kan iyakar gona ko sata, wanda ake tuhuma yakan yi alwala ya dafa izu sittin da kakana ya rubuta da hannunsa, wanda ke ajiye cikin gafaka a ɗakina. Mutane sun sakankance cewa babu mai dafa shi bisa ƙarya ya ga wata damina. Saboda haka ranar wata Juma'a, bayan an sauko, Ɗahiru mai awo, dattijon kasuwarmu, ya tare ɗan takara a gindin tsamiya.

Ya ce, "Malam Labaran, mun ga irinku tun kana tsumma. Sunka sha hurarmu sunka tahi. Kai ɗanmu na, amma kujera ba ɗiyarmu ba ta. A ɗauko gafaka."

Labaran ya yi dariya ya ce, "Haba Baba Ɗahiru, ni da gulbin ga yac cinye ma uba? A ɗauko."

Ya yi alwala, ya dafa, ya rantse cewa damina huɗu ba za ta wuce ba sai gada ta tsaya a mashiginmu. Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan dangogi.

Abu biyu suka ɓoyu ga jama'a a wannan rana. Na farko har ni da shi Labaran ba mu san shi ba: mun ɗauka ɗan majalisa kamar hakimi ne, ya yi umarni a aikata. Na biyu kuwa na san shi sarai. Rantsuwar da mutanenmu ke tsoro ita ce ta ƙarya a kan abin da ya riga ya wuce, wadda ke dulmuyar da mai ita, ba ta da kaffara. Amma rantsuwa a kan abin da zai zo, shari'a ta buɗe mata ƙofar fita mai sauƙi. Na yi shiru, domin ni ma ina son gadar.

A shekarar farko ya yi ƙoƙari. Mun taru a kan rediyon Ɗahiru muka ji shi yana gabatar da ƙudiri, yana ambaton sunan tungarmu a gaban manya. Aka amince, aka miƙa wa kwamiti. A shekara ta uku wasu mutane suka zo da na'urar awo, suka zuba ginshiƙai biyu na siminti a gaɓar can, suka kafa allo mai sunansa. Ba su sake dawowa ba. Shi kuma ya samu mota da gida a Gusau, ya sauke farali, ya zama Honarabul, harshensa ya koma irin na masu karanta labarai. Ba ya zuwa sai da rani, lokacin da mota ke iya taka yashi.

A damina ta huɗu naƙuda ta tsananta ga Saude, ɗiyar wata gwauruwa mai suna Habsu. Aka ɗora ta a amalanke zuwa mashigi, aka tarar ruwa ya yi baki da baki. Kwana biyu suna jira. A nan ta cika, ita da abin da ke cikinta, ginshiƙan nan biyu suna tsaye a ƙetare.

Da zaɓen 2003 ya ƙarato, Labaran ya shigo zaurena, ya cire takalmi, ya zauna inda yake zama yana ɗalibi.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, an ce rantsuwa tana da kaffara."

Ɓoye ilimi ga mai tambaya haramun ne. Na ce, "Tana da. Ciyar da miskinai goma, kowane mudunnabi guda, ko tufatar da su. Amma wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Alkawarin da ka ɗaukar wa mutane gero ba ya wanke shi."

Ya ce, "Malam, sau shida ina miƙewa a zauren majalisa kan gadar nan. Ɗan majalisa baki gare shi, ba shi da siminti."

"To ka fito ka gaya musu haka."

Ya dubi tabarma ya ce, "In na faɗi haka, wa zai zaɓe ni?"

Washegari ya sa aka sauke buhun gero a ƙofar masallaci, aka yi shela cewa Liman ya ba da fatawa. Da kansa ya riƙa aunawa. Ta goma a layin da aka tsara masa ita ce Habsu. Ta karɓi ƙwaryar, ta dube ta, ta dube shi.

Ta ce, "Labaran, wanga na Saude na, ko na jinjirin? Ai da ka cika shi biyu. Su biyu na."

Ta ajiye ƙwaryar a gaban takalminsa ta juya. Wani daga cikin mutanensa ya tambaye ni ko kaffara ta inganta. Na ce sai an samu na goma ya karɓa. Ban rufe baki ba hannuwa uku suka miƙo, domin shekarar ta zo da ƙarancin hatsi. Ban zarge su ba, kuma har yau ba na zarginsu.

Tun daga wannan rana babu wanda ya sake cewa a ɗauko gafaka. Da aka yi rikicin iyaka a bayan shekara, na ji da kunnena wani yana ce wa maƙwabcinsa, "In dafa mana, ai mudu goma na." Abin da kakana da mahaifina suka tsare shekara tamanin, a hannuna ya zube.

Labaran ya sake cin zaɓe, ba da ƙuri'un tungarmu ba. A zangonsa na biyu bai ƙara ambaton gada ba. A 2007 jam'iyya ta ba wani kujerar. Ya koma Gummi, ya sayar da motar, ciwon suga ya kama shi, masu gaishe shi suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu a cikin watan Agusta na 2009, ya bar wasiyya a binne shi a tungarmu, kusa da kabarin mahaifinsa.

Aka kawo shi a bayan a-kori-kura zuwa gaɓar can da hantsi. Gulbi ya kawo tun kwana biyu. Masu fito suka ce ko rayayye ba za su ɗora bisa gora ba. Aka jira har la'asar, ruwa bai janye ba, kuma jinkirta gawa ba sunna ba ne. Waɗanda suka rako shi suka sallace shi can, suka haƙa masa kusa da ginshiƙan. Mu muna tsaye a gaɓarmu muna kallo, domin a mazhabarmu ba a sallatar gawar da ba ta gaban liman.

Mahaifiyarsa Dija tana cikinmu, idanunta sun riga sun dushe. Habsu ce ke riƙe da hannunta.

Dija ta ce, "Sun sa shi?"

Habsu ta ce, "Sun sa shi, Inna. Can ƙetare, daura da inda Saude tac cika."

Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta mini shirun da na yi a gindin tsamiya. Ginshiƙan suna nan. Masu jiran ruwa ya janye kan ɗaure dabbobinsu a jikinsu.