Tsohon Tela da Wasan Sandar Ireland

Jiya ina wucewa ta wani shagon shan gahawa a unguwar Faisal, sai na hango maza a talabijin suna bin ƙaramar ƙwallo da sanduna masu faɗin baki. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani direba ya danna mini hon.

Wasan Baba ne. Haka nake kiran wani tsohon tela, Bahaushen Sudan, a unguwar Ard al-Liwa. Garin lalube tashoshi ya ci karo da wannan wasan gargajiya na Ireland, kuma bai jin Turanci ko kaɗan. Yakan ɗage ƙafa daga keken ɗinki, shagon na ƙamshin shayin na'ana'a, ya ce, "Duba min, ɗana. Kowa da sanda a hannu, amma ba faɗa."

Wata Lahadi muka kunna, sai baƙin allo da rubutu. Na karanta masa: an sayar wa wani kamfani izinin nunawa, sai ta intanet. Ya juyo gare ni ya ce:

"Kallon ma sayar da shi ake yi? To wa ya san ina kallo, balle a hana ni?"

Ranar wasan ƙarshe na samo hanyar kallo a wayata, na garzaya da murna. Na tarar shago a rufe, an jera kujerun ta'aziyya. Da asuba ya cika, ba jinya. Wayar na ta ihun 'yan kallo a aljihuna, na kasa kashe ta.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya sa ya huta.