Inda Ruwa Ya Tsaya a Jikin Tsamiya

Warin laka ne ya tuno mini da marigayi maigidana jiya, muna cikin kwashe ruwa daga ginin da na kafa a Argungu.

Shi ya shugabanci kamfaninmu kafin ni. Aikinmu gina ɗakunan ajiye bayanai, inda manyan kwamfutoci ke aiki ba hutu, kuma ba su da maƙiyi kamar ruwa. Ba ya yarda a haƙa tushe sai ya gaisa da manomin da ya fi kowa tsufa a wurin.

Na tuna wani fili kusa da Ambursa. Na shimfiɗa masa taswira a kan mota, na ce awo ya nuna ambaliya ba ta kawowa nan. Ko kallo bai yi ba. Ya tuɓe takalma, ya ratsa fadama har wajen wani tsoho mai noman shinkafa, ya durƙusa.

"Baba, shekarad da gulbi yay yi hushi, ina ruwa yat tsaya?"

Tsohon ya ɗora bakin fartanya a jikin tsamiya, daidai ƙirjina. Ranar aka ƙara wa tushe tudu, ina ta gunaguni kan ɓata lokaci.

A Argungu ban tambayi kowa ba, don na ga girmana ya wuce durƙuso cikin laka. Yanzu ga injina a jiƙe, ma'aikata sun kasa haɗa ido da ni.

Allah ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma Allah ya koya mini tuɓe takalma tun da sauran tsofaffin da zan tambaya.