Salwar Manaja da Kukan Jirgi

Na manta abubuwa da yawa na zaman da na yi a Nguru, amma ban da ranar da aka kori Baba Gambo daga aiki aka kuma mayar da shi kafin la'asar. Ku matso ku ji, ku da ba a rabu da kawo muku ƙarar na ƙasa da ku.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne. Ina mai sikeli a wani kamfanin sayen gyaɗa da fata, sitonmu yana jingine da layin dogo. Tsarin gidan kuwa haka yake: Manaja a sama, sai akawu, sai ni, sai lebura, sai maigadi can ƙarshe. Manajanmu Malam Habu ne, Bakano, mutum mai tsabta da son a ce ya iya. Maigadin shi ne Baba Gambo, dattijo daga Dagona, wanda ya bar sana'ar kamun kifi saboda ciwon baya. Ɗaki ɗaya kamfani ya ba shi a bayan sito, nan yake da matarsa.

Wata rana Manaja ya dawo daga Gashuwa da kwando cike da salwa, ya saya wurin masu tarko. Wanda bai san ta ba, 'yar tsuntsuwa ce, ba ta kai makwarwa ba. Ya ce zai kiwata, ya ci ƙwai, ya ci nama. Ya sa kafinta ya yi mata akurki a bayan sito, dab da layi, har da rufin kwano. Ni kuwa a lokacin ɗakina na zana ne.

Ba a jima ba suka fara mutuwa. A wayi gari a tarar da ɗaya ko biyu a kwance, tsakar kai a fashe. Ba muzuru ba ne, don ba a ci ba. Ba ɓarawo ba ne, don ba a ɗauka ba. Manaja ya yi nazari irin na manya ya gano cewa kulki ne, kuma mutum ɗaya ne mai kulki a gidan. Ya ma samo dalili: wai ya taɓa hana Baba Gambo hutun zuwa gida, shi ne yake hucewa a kan tsuntsaye.

Akwai abin da ba wanda ya lura da shi, har ni. Ranar jirgi kowa yana bakin tarago. Ina kan sikeli, lebura na lodi, Manaja na tsaye yana faɗa, maigadi na tsare ƙofar gaba. Tunda aka gina akurkin nan, ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganinsa a lokacin tashin jirgi.

Ƙa'idar korar ma'aikaci ita ce a yi ta gaban shaidu biyu, ya mayar da kayan kamfani ɗaya bayan ɗaya. Ran nan mun gama lodi da wuri, jirgi kuma ya makara tashi, sai Manaja ya ce a yi ta ta ƙare. Ya kira ni da akawu, ya ce a gaban akurkin za a yi don mai laifi ya ga aikinsa.

Baba Gambo ya ajiye fitila. Ya ajiye bargo. Da ya zo kan kulki sai ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, ɗakin ma zan bar maka yau. Amma ni in kashe halittar Allah ba yanka, in mayar da ita mushe? Da furfurata?"

"Baba, ajiye kulki," in ji Manaja.

Wallahi tausayinsa ya kama ni, don na san ba shi da inda zai kai tsohuwar nan, bayansa kuma ba zai ƙara jan taru ba. Ya sunkuya ya ajiye.

Yana ɗagowa jirgi ya kwarara kuka.

Kai! Tsuntsayen nan gaba ɗaya suka yi sama tsaye, kamar an harba su. Kwano ya ce ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ashe haka salwa take, in ta firgita ba ta gudu gefe, sama take yi. Ɗaya ta faɗo dab da takalmin Manaja tana shure-shure, kai ya fashe.

Akawu ya dubi sama, ni na dubi ƙasa. Manaja ya dubi tsuntsuwa, ya dubi kwanonsa, ya dubi kulkin da ke kwance a ƙasa bai taɓa kowa ba.

"Wa ke da wuƙa?" ya ce.

Baba Gambo ne kaɗai. Ya zaro, ya yi bisimilla, ya yanka ta tun da sauran rai.

Manaja ya gyara hula. "Maigadi, me kake yi a bakin aiki ba kulki ba bargo? Kwashe kayanka ka koma ƙofa."

Shi ke nan shari'ar. Washegari aka cire kwano aka shimfiɗa tsohon taru, yadda in sun yi sama za su dawo da kawunansu. Manaja ya shaida wa kowa cewa dama yana da niyyar yin haka. Kwanon kuma na roƙa aka hana ni.

Haƙuri dai bai fito daga bakinsa ba, ko sau ɗaya. Sai da damina ta faɗi salwa ta fara ƙwai. Na farkon da aka tsinta, Manaja ya zuba a kwanon cin abincinsa, ya miƙo mini ya ce in kai bakin ƙofa, kada in tsaya surutu.

Baba Gambo ya buɗe, ya daɗe yana duban 'yan ƙwayayen nan masu ɗigo-ɗigo. Sannan ya ce, "Malam Ali, gaya masa sun yi ƙanana. Amma na karɓa."

Na daɗe a aikin nan har ni ma na riƙe mutane. Duk ranar da aka kawo mini ƙarar maigadi ko lebura, abin da nake fara tambaya shi ne, wa ya tsaya a wurin lokacin da abin ya faru? Yawanci ba kowa. Kowa na bakin tarago, sai a waiwayo a nemi mai kulki.