Mil Ɗari Huɗu a Tanki

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a wata sakandare a Funtua, shi ya sa har yau abin yake cina.

Daminar bara ce. Yayana, wanda yake noma gonar mahaifinmu a wajen Kafur, ya kira ni ana tsakiyar hutun tara. Ciyawa ta taso wa masara, ya sayo maganin feshi gora ɗaya ya haɗa da ragowar na bara waccan, duka mil, wato mililita, dubu ɗaya da ɗari biyu. Gonar kashi shida ce, kowane kashi tankin feshi biyu yake sha.

"Malam, nawa zan zuba a kowane tanki?"

Tsohuwar kalkuletata batirinta ya mutu, sai na buɗe ta waya. Na buga yadda na saba: dubu ɗaya da ɗari biyu, a raba da shida, sannan biyu a cikin baka, wato shida sau biyu. Waya ta ce ɗari huɗu. Ɗalibai suna jirana, ban tsaya na auna da kaina ba.

"Ɗari huɗu, Yaya."

"Bai yi yawa ba?"

"Na'ura ce ta faɗa."

Bayan la'asar ya sake kira. Magani ya ƙare a tanki na uku. Amsar ɗari ɗaya ce, ɗan aji ɗaya zai iya yin ta da ka. Na sayi batiri a bakin tasha, na buga wa tsohuwar kalkuletar abu guda, ban canja ko ɗigo ba. Ta ce ɗari. Ita tana fara ninka shida da biyun da ke manne da shi, sannan ta raba. Wayar kuwa daga hagu take bi: ta raba da shida, ta ninka da biyu.

Washegari na ajiye su biyun a teburin ofishin malamai. Mai fiziks ya ce waya ce ke da gaskiya, rabawa da ninkawa matsayinsu ɗaya. Mataimakiyar shugaba ta ce su ba haka aka koya musu ba. Aka yi ta musu har aka buga ƙararrawa, babu wanda ya tambayi masarar. Abin da ya fi ba ni haushi, na bincika na tarar kowace na'ura da ƙa'idar da masu ƙera ta suka zaɓa, kuma babu wadda take gargaɗin mutum.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Malumfashi, na ƙarasa a babur. Kashi ɗaya da rabi ganye ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone. Yaya bai yi faɗa ba. Ya tsinko ganye guda ya miƙo min.

"Wannan sai dai a maye da wake," ya ce. "Gobe ka zo da fartanya."

Na kwana biyu ina shuka a bayansa.