Ɗigon Ruwa a Gindin Jirgin Surukina

Lokacin da nake makanikin jiragen ruwa a Lokoja, in yaro ya taɓa injin ba daidai ba, daga inda nake zan daka masa tsawa, ko ɗan wane ne. Haka na gani a Fatakwal, haka a Abijan, haka a Bur Sudan, harshe ne kawai ke canzawa. Yau ga ni da furfura a Landan, na ga kuskure da idona na ce Allah ya yi albarka. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ina idar da sallar asuba na fito daga gida a Barking, na hau jirgin ƙasa zuwa Mile End, na gangara da ƙafa bakin kanal, wato hanyar ruwan da aka haƙa ta ratsa gari. 'Yata ta fari da mijinta a cikin jirgin ruwa suke zaune, irin siririn nan mai tsawo, tun da hayar ɗaki ta fi ƙarfinsu. Gadonsu, kicin ɗinsu, takardunsu, komai yana ciki, ba su da wani gida. Dokar wurin kuma ba ta barin jirgi irin nasu ya wuce mako biyu a wuri ɗaya, shi ya sa suka gayyace ni rakiya zuwa yamma, wajen Camden.

Ni da surukina, shekara huɗu ke nan, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya durƙusa, in amsa ina kallon gefe. Ba ma cin abinci tare, ba ni da lambarsa. In da magana, ta bakin 'yata take bi. Haka na taso na gani, kuma ina alfahari da shi.

Kafin mu tashi na ɗaga murfin ramin injin, don hannu ya saba. Ga wanda bai sani ba, akwai sandar ƙarfe da ke fita daga injin ta huda gindin jirgi ta je ta juya farfela. Inda ta huda ɗin ana naɗa mata igiya mai maiƙo, a danne da noti biyu, don kada kogi ya shigo. Amma dole a bar ta tana ɗiga kaɗan idan sandar na juyawa. Ɗigon nan ne ke sanyaya ta. Na duba na ga wurin a bushe ƙayau, notocin an ɗaure su tamau.

Surukina ya ce wa matarsa, yadda zan ji, wai ɗigon ya daɗe yana damunsa, ya kalli bidiyo a waya ya yi fixing ɗinsa jiya. Fuskarsa cike da murna. Na san abin da zai faru kamar yadda na san sunana. Amma in buɗe baki in gyara wa suruki a gaban matarsa? Sai na ce Allah ya yi albarka. Can daga baya na ce wa 'yata, "Uwata, ki ce masa ya riƙa leƙa bayan injin." Ta faɗa masa, ya leƙa, ya ga a bushe, ya ƙara jin daɗi.

Muka kama hanya. Kanal ɗin Landan ba kogi ba ne, kwata ce mai tsabta da aka yi wa ado. Wanda ya ga Kwara a cike ba zai kira wannan ruwa ba. Tafiyar kuma ta hawainiya, masu gudun motsa jiki a gefe suna wuce mu, har wata tsohuwa da karenta ta bar mu a baya. Kowane ɗan lokaci sai mu iske ƙofofin katako da ake rufe jirgi a tsakani, a cika ruwa ya ɗaga shi sama. 'Yata ke tura su da bayanta, mutane a kan gada suna ɗaukar ta hoto, ba wanda ya sauko ya kama mata. A Yawuri da tuni mutum goma sun taru, tara suna ba da shawara, amma ɗaya zai tura. A wata ƙofa na sayi shayi a wani jirgin da aka mayar shago. Ruwan zafi ne da jakar ganye, kuɗinsa ya kai na tuwo da miya har da nama a Accra. Na sha ina hararar kofin, alhali ba shayin ne ke ci mini rai ba. Kunnena yana kan injin.

A Islington kanal ɗin ya shige ƙarƙashin ƙasa, rami mai tsawo da duhu, babu gefen da mutum zai taka. Muna tsakiya na ji warin, warin auduga da giris suna ƙonewa. Ko a nan ban yi magana ba. Na tsaya ina lissafin yadda zan faɗa ba tare da na kunyata surukina ba, kamar jirgin zai jira ni.

Muna fitowa haske hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin ƙafarsa. Ya kashe injin, muka ja jirgin gefe muka ɗaure. Igiyar ta ƙone ta zama gawayi, tana hucewa ta fara marmashewa, ruwa ya shigo, ba ɗigo ba, tsiyaya kamar bakin buta. Famfon da ke kwashe ruwan gindin jirgi ya tashi yana kuka, ruwan na hawa duk da haka. 'Yata ta shiga ciki ta fara ɗora takardunsu a kan gado. Ganin haka ne ya ƙarasa ni.

Surukina ya zaro waya, na ce, "Kai, ajiye wayar nan. Miƙo sifana. Cika bututun giris ka murɗa har ya ƙi."

Ya kalle ni kamar bango ne ya yi magana. Na ce da shi nake, ya shigo ramin. Allah ya sa wanda ya sayar musu da jirgin ya bar sabuwar igiya a akwatin kayan aiki. Abin zaro tsohuwar ne babu. Wata Baturiya a jirgin kusa ta ara mana abin buɗe kwalbar giya mai murɗaɗɗen baki. Na karɓa da bisimilla, ban taɓa zaton zan riƙe shi ba a rayuwata, kuma ya yi aikin.

Abin da na zaro ya ƙara mini takaici. Makanikin da suka kai wa jirgin bara zoben igiya ɗaya sabo ya tura a kan tsofaffi, waɗanda suka bushe kamar ƙirgi. Shi ya sa ɗigon ya yi yawa tun farko, shi ya sa yaron nan ya yi ta ɗaurewa. Ban ga wannan ha'inci a Bur Sudan ba, inda mutum ke gyara da guntun ƙarfe da haƙori, sai a nan inda ake sa rigar aiki mai suna a ƙirji.

Muka duƙa mu biyu a rami ɗaya, gwiwata a kan tasa, ruwan sanyi yana zubo mana a hannu. Na naɗa igiyar a jikin sandar don awo, na yanka zobe uku a karkace, muka shafe su da giris. Na sa shi ya tura su ɗaya bayan ɗaya, bakin kowanne ya kauce wa na ɗan'uwansa. Muka ɗaure notocin daidai wa daida, kaɗan wannan, kaɗan wancan, har tsiyayar ta tsaya. Ya kai hannu zai ƙara, na buge hannun. Ya tada injin, na ce ya zuba ido. Ɗigo ya faɗo. Muka jira, wani ya biyo. Na kama bayan hannunsa na ɗora a kan ƙarfen, na ce ɗumi ake so, in ya ji zafi ya sassauta.

Ya ce, kansa a ƙasa, "Baba, tun safe kun gani ke nan?"

Na ce na gani. "Kai kuma kana da makaniki a gida ka je kana tambayar Bature a waya."

"Nauyinku nake ji, Baba."

'Yata daga ƙofa ta ce, "Ku biyun nan kun kusa nutsar min da gida saboda respect. Ku fito ku ci abinci, faranti ɗaya na zuba, sauran suna cikin kwali."

Shinkafa da wake ce da mai da yaji. Muka ci, hannuwanmu baƙi ƙirin, ba wanda ya kalli wani.

Ba mu kai Camden ba, a bayan King's Cross muka tsaya. Kuma ba mu tsira lafiya ƙalau ba. Da na shafa sandar na ji zafin ya ci mata zobe a jiki, sai an fitar da jirgin tudu an canza ta. Kafin nan kullum da safe sai sun duba ruwa a gindin gidansu. Da na yi magana a Mile End, da juyin sifana biyu ya raba mu da wannan. Na hau jirgin ƙasa zuwa Barking bayan la'asar, giris a bakin rigata, ina jin haushin makanikin bara, ina jin haushin mai bidiyo, amma haushin kaina ya fi.

Har yanzu yana durƙusawa in ya gaishe ni, ban hana shi ba. Amma lambarsa tana wayata, tawa tana tasa. Duk ranar da za su ɗaga jirgi shi ke kirana da kansa ya faɗa mini yadda ɗigon yake, in kuma ya yi ba daidai ba, a take nake faɗa masa.